Gashin Zabo a Hular Labbo

Labbo taubashina ne, innarsa ƙanwar babana ce, don haka ina da hurumin faɗin abin da na ga dama a kansa, shi kuma iyakarsa ya rama. Shekara ashirin da biyu muna maƙwabtaka a bakin tashar Gummi, ni ina facin taya, shi yana wayarin ɗin mota, rumfarsa jingine da tawa. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa ganin ya zauna ya cinye kwanon tuwo a wuri ɗaya ba. Zai kai loma biyu, ya miƙe ya leƙa titi, ya dawo ya kai ɗaya, ya ɗauki waya. Inna Dije, mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta, takan ce tun yana goye yake harbin bayanta, sai ka ce an aike shi ya makara.

Wayarin faɗi ne da shi, amma Labbo ya tattara hankalinsa kan abu guda: fanka. Ba ta ɗaki ba, wadda ke bayan lagireto tana jawo iska don kada inji ya ɗau zafi. Motocin da ke lodi a tasharmu, tsofaffin Golf da Sharon da 'yan Corolla, yawancinsu sun girmi direbobinsu. Wanda ya ƙera su ya sa wa fankar wani abu da ke tashinta in ruwa ya yi zafi, ya kashe ta in ya huce. Direbobinmu ba su yarda da wannan wayon ba. Da mota ta shigo hannu sai a cire abin a jefar, a haɗa fanka dairek: ka murɗa makulli ta tashi, ba ta da hutu sai ka kashe mota. Injin fankar kuwa ɗan ƙarami ne, bai fi gwangwanin madara ba, a cikinsa akwai wasu 'yan baƙaƙen abubuwa da ake kira burushi, su ke goga suna ba shi wuta. Abin da ya kamata ya yi shekara biyar, kafin damina ta zagayo ya cinye.

Labbo ya yi faɗa a kan wannan har muryarsa ta dushe.

"Jaki ma ana sauke mai kaya shi sha ruwa," haka yake ce musu. "Ku kun hi son ta mutu bisa hanya."

Su kuma su ce, "Baba Labbo, ranar Gummi ba ta Turai ba ta. Haɗa muna dairek kawai."

Sai ya haɗa yana ƙunƙuni, don ya san in ya ƙi, gaba za su yi a haɗa musu da hannun da bai kai nasa ba.

Ba ya son sauya injin fanka in dai da sauran rai a jikinsa. Zai kwance shi a kan buhu, ya wanke da fetur, ya goge da samfefa, sannan ya jawo wani tsohon kwano da ke ƙarƙashin bencinsa. Matattun baturan rediyo ne a ciki. Yana fasa su ya zaro baƙin sandan nan na tsakiya, ya yanka, ya yi ta gurzawa a kan dutse har ya zama burushi daidai ramin. Da aka koma tocila mai caji batura suka yi wuya, har garin Adabka yake aika a tattaro masa wajen tsofaffin da ba su rabu da rediyo ba. Na sha ce masa shi da 'yan bola ba su da maraba. Ya ce gara shi, ni da nake cin abinci da ƙusar da ta huda tayar bayin Allah fa?

Amma abin da aka fi saninsa da shi ba wannan ba ne. Gashin zabo ne, guda ɗaya, soke a naɗin hularsa ta gefen dama.

Fanka wayoyi biyu gare ta. In ka haɗa su daidai, tana jawo iska daga waje ta ratsa lagireto. In ka juya su, za ta tashi lafiya lau, ƙararta ɗaya, gudunta ɗaya, amma tura iskar take waje. A tsaye ba ka ganewa. Sai mota ta hau titi, iskar hanya na son shiga, fanka na korarta, ruwa ya yi ta tafasa a ɓoye har inji ya kama. Motocinmu kuwa soket ɗinsu na asali ya daɗe da zama tarihi, murɗa waya ake da hannu a naɗe da tef. Labbo ya taɓa yin wannan kuskuren sau ɗaya, yana saurayi, lokacin da yake koyon aiki a Sakkwato, injin motar wani malami ya ƙone. Maigidansa bai doke shi ba. Ya taka wajen mai figar zabi a bakin kasuwa, ya tsinto gashi guda ya soka masa a hula, ya ce ido na yi wa mutum ƙarya, iska ba ta yi. Tun daga ranar, duk fankar da Labbo ya taɓa, sai ya sa an tayar da mota, ya zare gashin, ya sake shi a gaban lagireto. In ya manne, mota ta tafi. In ya tashi sama, a sake.

Mun yi masa dariya har mun gaji. Wasu na cewa laya ce, wasu na cewa shi ne sarkin zabin Gummi. Gashin in ya tsufa ya sauya wani, amma hular ba ta taɓa kwana babu shi ba.

Da can, in mota ta mutu a hanyar Anka, ba wani abu ba ne. Ku sauka ku sami inuwa, matan Fulani su kawo nono, direba ya nemo ruwa a rafi, kafin la'asar kun tashi. Yanzu ba haka ba ne, kuma ba sai na yi wa kowa bayani ba. Daga Ɗaki Takwas ka miƙa ta ƙasar Bukkuyum, akwai wuraren da direba ba ya ko rage gudu don rami, fasinja kowa bakinsa na motsi. Motar da ta tsaya a irin wurin nan, mutanen daji sun fi makaniki saurin isowa. Tun da abin ya zama haka, rashin zaman Labbo ya tashi daga hali ya koma ciwo. Duk direban da ya gyara wa fanka sai ya karɓi lambarsa. Mota na fita tasha zai duba agogo, ya fara safa da marwa tsakanin rumfarsa da bakin titi, yana taka min tiyo. In lokacin da ya ƙiyasta ya yi, ya kira. Kalma biyu ce: "Kun isa?" In an ce sun isa, ya kashe ko sallama babu, sannan ya koma kan tuwonsa da ya huce.

Ina jin haushin abin, ba zan ɓoye ba. Mutum na faci yana son natsuwa, ga wani yana yi masa shawagi a ka. Na ce masa, "Kai ka ƙera hanyar? Kai ka tsaron ta?" Ya ce, "Ni nit taɓa fankar."

Wajen shekara uku da suka wuce na fara lura da wasu abubuwa. In zai haɗa waya sai ya kai ta har bakin hancinsa. Aikin da ya saba yi a inuwar rumfa, sai ya jawo shi tsakiyar rana. Kuma gashin zabon ya fara yawan tashi sama, abin da a da sai a yi shekara ba a gani ba. Yakan yi tsaki ya juya wayoyin, ya ce tsofaffin kayan mota 'yan Kwatano ne ke zuwa da launin da suka ga dama. Na tsokane shi na ce tsufa ya zo, a sayo tabarau. Ya ce hayaƙin facina ne ke cika masa ido. Na bar maganar a matsayin wasa, don wasa na iya da shi, wani abin ban iya ba.

Ranar da nake son ba da labarinta wata Alhamis ce a daminar bara. Rufaida, babbar 'yarsa, tana aure a Anka, tana kuma aiki a wani ƙaramin asibiti a can. Ta zo gida ta yi mako guda da 'yarta Ummu, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, ranar za ta koma. Labbo da kansa ya zaɓar mata mota, Golf ɗin Shamsu, don Shamsu ba ya ganganci kuma tayoyinsa ni na duba su. An gama lodi, an ɗaure kaya, Shamsu ya murɗa makulli, fanka ta ce ba ta san zancen ba.

Labbo ya kwance injin ya shinshina, ya ce ya ƙone ƙurmus, burushi ba zai yi magani ba, sai dai a sauya. Ya ɗauko wani injin ɗan Kwatano da ya ajiye, na wata motar daban, ya daidaita shi, ya ɗaure. Hantsi ya riga ya yi, fasinjoji sun fara magana, don kowa na son a wuce wuraren nan tun hanya na da mutane. Wani mai buhunan shinkafa sai duba agogo yake yana tsaki a kunnen Labbo. Ya murɗa wayoyin, ya naɗe da tef, ya ce a tayar. Fanka ta ɗauka da ƙarfinta.

Daidai nan Rufaida ta matso yin sallama, Ummu ta miƙa hannu wajen kakanta. Labbo a duniya in akwai abin da ke tsayar da shi wuri guda, yarinyar nan ce. Ya goge hannu ya karɓe ta yana cewa amaryarsa za ta gudu ta bar shi da tsohuwa. Ta cafke hular ta tuge, tana ƙyalƙyala dariya, shi ma yana yi. Shamsu ya ga fanka na juyawa, ya saki bonet. Aka karɓi yarinya, aka mayar wa Labbo hularsa, aka yi addu'a, mota ta fita. Ina zaune ina kallo, ni ma ban lura da komai ba.

Ya fara safa da marwarsa kamar kullum. Can bayan kamar rabin awa wata Sharon ta shigo, mai ita na ƙorafin zafi. Labbo ya ce a tayar, ya kai hannu gefen hula. Na ga hannun ya tsaya. Ya cire hular ya juya ta ciki da waje, ya duba ƙasa, ya duba ƙarƙashin benci. Sannan ya juyo ya dube ni, fuskar nan ban taɓa ganinta haka ba.

"Sambo, ka ga na sa ma motar Shamsu gashi?"

Na buɗe baki in ce ya sa, don ya bar ni in huta. Sai na tuna ƙarar bonet da dariyar yarinya.

"Ban gani ba," na ce.

Ya kira Shamsu. Wayar ta yi ta ƙara, can wani ya ɗauka, ashe mai cajin tasha ne, Shamsu ya manta ta a wajensa saboda sauri. Ya kira Rufaida, ba ta shiga. Ya sake, ba ta shiga. Na ce ya kwantar da hankali, ai in zafi ya hau Shamsu zai gani a allura. Ya ce allurar zafin motar Shamsu ta mutu tun azumin bara, shi ya ce a gyara aka ce sai an samu sarari.

"To ai wataƙila daidai kah haɗa," na ce. "Shekara nawa kana yi?"

Babur ɗina kawai ya nufa, ya tsaya a gefensa.

Ni ba jarumi ba ne, kuma hanyar nan ba na hawanta sai dole. Amma na rufe injin iska, na bar tayar wani a kwance, muka hau. An yi ruwa da asuba, titin duk tabkuna, ina kauce wa wannan ina faɗa wa wancan. Labbo a bayana bai zauna ba, rabinsa a tsaye yake, yana leƙe ta saman kafaɗata, gwiwarsa na dukan haƙarƙarina. Duk motar da muka hango a gefen hanya sai ya matse min kafaɗa har mu wuce ya ga ba ita ba ce. Lissafi yake da ƙarfi: in ruwan ya fara tafasa a wuri kaza, zai kai su Ɗaki Takwas, zai wuce da su kaɗan, daga nan sai inda Allah ya tsayar. Na san inda lissafin ke ƙarewa, shi ma ya sani. Na ce ya yi min shiru ko in sauke shi. Ya yi shiru na minti ɗaya, ya koma salati, ya dawo kan lissafi.

Tsoro na ji. Ba don kaina kaɗai ba. Rufaida a gabana aka yi sunanta, ni na fara saya mata takalmin makaranta.

Muna shiga Ɗaki Takwas, daidai inda masu gasa masara ke zama, na hango Golf fara a gindin wata bishiyar bedi, bonet a ɗage, mutane kewaye da ita. Kafin in gama taka birki Labbo ya dira, har ya kusa kifawa a taɓo.

Rufaida ce tsaye a gaban motar, jingine da ita, Ummu a goye, jakarta a ƙasa. Shamsu na gefe yana ta bayani da hannu biyu, mai shinkafa na taya shi. Abin da ya faru shi ne, sun yi nisa kaɗan Rufaida ta ga yarinya na ƙoƙarin kai wani abu baki, ta buɗe hannunta, sai ga gashin zabo duk ya jiƙe da yawu. A gidan da ta tashi ba a wasa da wannan gashin. Ta tuna ba ta ga an sa shi ba. Ta jira har suka shigo gari, sannan ta ce a tsaya za ta sauka. Da aka tsaya ta sa Shamsu ya bar motar a kunne, ta saki gashin a gaban lagireto, ya tashi sama. Ta sake, ya sake tashi.

Shamsu ya ƙi yarda. Ba don taurin kai ba, don ya yarda da Labbo ne fiye da yadda ya yarda da idonsa.

"Baba Labbo, gara da kaz zo," ya ce. "Na ce mata aikinka na, kai ba ka kuskure. Gashin ya jiƙe na, ko iskar gari ta. Ta ce ko dai a juya waya ko a taka ta a wuce. Rana na yi muna."

Labbo bai dube shi ba. Ya miƙa hannu, Rufaida ta sa masa gashin a tafi. Ya goge shi a rigarsa, ya busa, ya ce a tayar. Ya durƙusa a gaban motar kamar yadda na ga ya yi sau dubu, ya saki. Gashin ya yi sama, ya juya, ya sauka a cikin taɓo kusa da ƙafar mai shinkafa. Sai muka ji ruwan lagireto na ƙugi a hankali, bayan duk tsayuwar da motar ta yi.

Ya sa aka kashe. Ya warware tef, ya juya wayoyin, ya naɗe. Aka jira inji ya huce, aka ƙara ruwa, aka tayar. Mai shinkafa da kansa ya tsinto gashin ya wanke ya miƙa masa. Wannan karon ya manne a jikin lagireto, ya zauna daram.

Fasinjoji suka fara komawa mota. Labbo bai matsa ba. Yana nan sunkuye, ya riƙe wayoyin nan biyu daga inda tef bai rufe ba. Ni da Rufaida ne kawai kusa da shi. Ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Rufaida, wacce aj ja cikinsu?"

Ta nuna masa ta dama. Ɗayar ruwan ƙasa ce, ko daga inda nake tsaye ina bambance su. Ya daɗe yana kallonsu.

"Duk ɗaya nika ganinsu," ya ce. "Shekara biyu ke nan. Canka kawai nikai, gashin shi ka gyara min."

Kunya ce ta kama ni, don na ga alamun duka, na mayar da su abin tsokana.

Rufaida ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi dogon zance ba. Ta ɗauki jakarta ta ce, "Baba, shiga mota. Akwai mai duba ido da ka zuwa wurinmu ran Assabar. In ya ce sai Gusau, mu tahi Gusau." Ya fara kawo zancen Sharon ɗin da ya bari a buɗe, da rumfa, da cewa bai gaya wa kowa a gida ba. Ta ce Baba Sambo zai gaya musu. Mai shinkafa, wanda ɗazu ya fi kowa tsaki, ya fito daga gidan gaba ya koma baya ya matsu. Labbo ya soka gashin a hula, ya shiga. Shekara ashirin da biyu yana sallamar motoci a hanyar nan, ban taɓa ganin bayansa a cikin ɗaya ba sai ranar.

Na juya Gummi ni kaɗai. Na biya gidansa na faɗa, na rufe masa rumfa, na ba mai Sharon haƙuri. Atine mai abinci ta kawo min tuwon shinkafa kamar kullum. Na kai loma biyu, na ga ina tsaye a bakin titi ina kallon gabas, ban san lokacin da na miƙe ba. Na dawo na duba agogo. Na yi lissafin inda suka kai, na sake yi. Na kira, ba ta shiga. Na taka tiyona da kaina har sau biyu. Na kira, ba ta shiga. Atine ta dube ni ta ce ko ciwon na gado ne.

Ana kiran la'asar wayar Labbo ta shiga. Ban bari ya yi sallama ba.

"Kun isa?"

Na ji hayaniyar tasha a bayansa, da muryar Ummu. Sannan ya yi wata 'yar dariya.

"Mun isa, Sambo. Zamna ka ci tuwonka."